Daga Madugu Zuwa Mai Gingimari: Hannun Wa Za Ka Bi?

Ƴan uwa matasa, a ƙasarmu ta Adar, daga Garhanga zuwa Keita, Buza da Madawa, da wuya ka samu gidan da babu wanda ya tafi bida. Cikin masu tafiyar nan akwai da yawa da burinsu ɗaya ne: su riƙe sitiyarin babbar mota. Sai dai kafin yaro ya riƙe sitiyari, dole ya bi hannun wani. Tarihin sufuri a Nijar yana da abin cewa game da wannan zaɓi.

Kafin mota, ayari ne. Fataken Hausa suna zuwa Gwanja sayen goro da jakuna, Buzaye suna kai raƙuman azalai Bilma ɗauko gishiri. Ba kowa ake bi ba. Madugu shi ya san rijiyoyi, shi ya san sarakunan da ake ba gaisuwa, shi ke shiga gaba in ƴan fashi sun tare hanya. Wanda ya bi madugun banza, ko dai ya rasa kaya ko ya rasa rai.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta koma bin Najeriya. Faransawa ba su ji daɗin haka ba. A 1953 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle: motoci su kwashi gyaɗa zuwa Faraku, daga nan jirgin ƙasa ya kai ta tashar ruwan Kwatano. Gadar Gaya da aka gama a 1958 ta ƙara sauƙaƙa abin. Nan ne tuƙin dogon zango ya zama sana'ar da mutum zai riƙe gida da ita.

Bayan ƴancin kai na 1960, iyayen gida suka kasu biyu. Ga kamfanin gwamnati, SNTN, mai albashin wata, gareji da makanikai, da takardar aiki. Ga kuma alhazai ƴan kasuwa, musamman na Maraɗi, masu sayen mota su damƙa wa direban da suka yarda da shi. A wajen alhaji babu takarda, amana ce. Yaro ya fara da karen mota: wanke mota, ɗaure tamfol, sa waigi, kwana ƙarƙashinta yana gadi. In maigidan na kirki ne, sai a ba shi sitiyari kaɗan-kaɗan, a taimaka masa ya yi permi, wata rana ma a sayar masa da tsohuwar mota ya biya sannu a hankali. In ba na kirki ba ne, yaro ya yi furfura yana wanke taya.

Sai uraniyom ya zo. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK a 1978. Tsakanin 1976 da 1980 aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, sama da kilomita 600, wadda ake kira hanyar uraniyom. Motoci na hawa da man fetur, ƙibiritu da injina, suna saukowa da garin uraniyom cikin durom-durom. Wannan aiki ba ya son ganganci. Akwai awon kaya, akwai lokaci, akwai rakiya. Direbobin da suka koyi aiki a nan sun fita da horon da ake nema ko'ina. To amma fa, da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aiki ya ja baya. COMINAK kuwa ta rufe a watan Maris 2021. Wanda ya jingina da kaya iri ɗaya, ranar da kayan suka ƙare shi ma ya zauna.

Mu nan kusa, albasa ce ta riƙe mu. Albasar Galmi da ta fadamun Madawa da Keita tana zuwa har Abijan da Akara. Ga simintin Malbaza, ga tankokin mai daga matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011. Kowane kaya da halinsa. Albasa ba ta jira, shi ya sa wasu masu kaya ke matsa wa direba ya yi tuƙin dare ba barci. Tanka kuma, kuskure ɗaya gobara ce.

Hanya ma tana canzawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, cikin jerin gwano da rakiyar sojoji, ta yankunan da ƴan bindiga ke kai hari. A irin wannan tafiya ne ake gane maigida: wa ke aiko kuɗin abinci in an yi makonni ana jiran rakiya? Wa ke duba iyalin direba in abu ya faru?

Saboda haka, ɗan uwa, kada fentin mota ya ruɗe ka. Ka je tasha ka tambayi tsofaffin direbobinsa, ba shi ba. Karnukan mota nawa ya yaye suka zama direbobi? Yana canza taya da birki kan lokaci, ko sai sun kashe mutum? In jandarma ko duwan sun tsare mota kan takardu ko lodin da ya wuce kima, wa ke biya? Motar na da inshora? Zai sa sunanka a CNSS don ranar tsufa? Zai bari ka hau daga permi C zuwa E, ka iya jan tirela?

Kuɗin tafiya ɗaya yana ƙarewa kafin ka iso gida. Hannun da ka koya da sunan da ka yi a tasha, su ne za su ci da kai shekara talatin. Kakanninmu ba su ɗaura wa jaki kaya ba sai sun san madugun da za su bi. Allah ya kiyaye hanya, ya haɗa kowa da ubangida na gari.