Masu hawan bishiya a yankin Funtuwa da Malumfashi: Aikinsu, haɗarinsa da yadda ake kula da bishiya

Hawan bishiya domin saran rassa, ɗiban amfani ko kayar da ita gaba ɗaya sana'a ce da mutane da dama ke riƙe iyalinsu da ita a kudancin Jihar Katsina, duk da cewa ba ta da suna guda da aka san ta da shi kamar ƙira ko jima. A ƙasashen Turai da Amurka, da yawa daga cikin masu wannan aiki kan yi horo su sami takardar shaida kafin su taɓa bishiyar wani, har a Ingila ana yi musu laƙabi da likitocin bishiya. A Funtuwa da Malumfashi kuwa, da ƙauyukan Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Ɗandume, ana koyon aikin ne tun ana yaro, a gindin uba ko maigida, kuma mafi yawan haɗarinsa yana kan wanda ya hau ne shi kaɗai.

Yankin da bishiyoyinsa

Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, domin damina kan kama daga watan Mayu zuwa Oktoba, kuma abin da ke sauka a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000. Wannan ni'ima ce ta sa yankin ya yi suna wajen noman auduga, masara da dawa, ita ce kuma ta sa bishiyoyinsa ke yin tsayi da kaurin da ba a cika gani ba a wajen Jibiya ko Daura. Manomi ba ya share gonarsa ƙaƙaf. Yakan bar ɗorawa, kuka, kaɗanya, tsamiya da gawo a tsakiyar shuka, kowace da ranarta.

A cikin gari kuma, mangwaro da darbejiya ne suka fi yawa. Darbejiya, wadda Katsinawa ke kira bedi, asalinta daga ƙasar Indiya take, kuma a zamanin Turawan mulkin mallaka ta bazu a Arewa, inda aka jera ta a bakin hanyoyi, makarantu, asibitoci da gidajen ma'aikata. Da yawa daga cikin waɗanda aka shuka a wancan lokaci sun tsufa, rassansu sun rufe kwanon gidaje da rumfunan kasuwa. Su ne ke samar wa masu sara aiki a birni a yau.

Masu hawa da lokutan aikinsu

Ana iya kasa masu hawa kashi huɗu. Na farko su ne masu ɗiban amfani. A ƙarshen damina ana hawa kuka a ɗebi ganye, a shanya a inuwa domin miya. Da yake gangar jikinta santsi gare ta, kuma ta fi ƙarfin a rungume ta, akan kafa mata turaku a jiki a taka kamar tsani. A bazara, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, sai a koma kan ɗorawa, wadda ke ba da gari, da kalwar yin daddawa, da makubar da ake daɓe da shafe da ita. Kakar mangwaro ma a wannan tsakani take faɗowa.

Na biyu su ne makiyaya, waɗanda ke saro wa dabbobi ganyen gawo da maɗaci da rani. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ya yi sabo lokacin da ciyawa ta bushe, shi ya sa makiyayi ba ya wuce shi. Na uku su ne masu zuma, da ke rataya amya a manyan rassa, su koma da dare da hayaƙi su ɗebe. Na huɗu su ne 'yan jinga, waɗanda ake kira su rage rassan bishiyar gida, ko su kayar da wadda aka sayar wa masu katako, masu itace, masu gawayi ko masassaƙa. Aikinsu ya fi yawa gab da faɗuwar damina, lokacin da guguwar farkon ruwa ke tuna wa magidanta reshen da ke reto a kan rufin ɗaki.

Kayan aiki

Kayan gargajiya su ne gatari, barandami, adda, igiya, tsanin itace da doguwar gora mai ƙugiya. A 'yan shekarun nan injin yankan itace mai amfani da fetur ya yawaita, kuma ya sauya aikin matuƙa: abin da mutum uku za su wuni suna sara da gatari, inji kan gama shi kafin azahar. Sai dai kayan kariyar da ya kamata su zo tare da injin ba su iso hannun mafi yawan masu aikin ba. Waɗannan sun haɗa da hular kwano, gilashin kare ido, matoshin kunne, takalmi mai ƙarfi, wando na musamman da zarensa ke shaƙe sarƙar inji idan ta taɓa shi, da ɗamarar hawa wadda ake ɗaure wa igiya. Ba abin mamaki ba ne a ga mai sara a kan reshe ba takalmi, hannu ɗaya riƙe da inji, ɗayan riƙe da bishiya.

Inda haɗarin yake

Faɗowa ita ce babbar musiba. Wanda ya suɓuto daga tsayin mita 10, wanda babbar ɗorawa ko mangwaro ke zarcewa, zai iso ƙasa kafin daƙiƙa ɗaya da rabi, da gudun kusan kilomita 50 a awa. Abin da kan biyo baya shi ne karayar ƙashin baya, ƙugu ko wuya, ko buguwar kai. Abubuwan da ke jawo ta sanannu ne: reshen da gara ko ruɓa ta cinye cikinsa alhali bayansa lafiya lau, santsin raɓa ko ruwan sama, tsohon turken da ya ruɓe a jikin kuka, jiri saboda zafin rana da ƙishirwa, da firgita idan zuma, rina ko maciji ya fito daga kogo. Reshen kuka yana da taushi kamar soso, ba ya ɗaukar nauyi gwargwadon kaurinsa.

Na biyu shi ne nauyin abin da aka sara. Ɗanyen gungume mai faɗin santimita 30 da tsawon mita 2 yakan fi buhun masara mai kilo 100 nauyi. Idan aka sare reshe mai nauyi daga sama kawai, yakan tsage tun ba a gama ba, ya yi majaujawa ya doki mai sara, ko ya ture tsanin da yake kai. Mutanen da ke ƙasa, musamman yara masu tsintar itace, su ma suna cikin haɗari.

Na uku shi ne injin kansa. Idan saman bakinsa ya taɓa itace, yakan yi tsalle baya zuwa fuskar mai riƙe da shi da saurin da ba a iya kaucewa. Saboda haka ne ƙa'ida ta hana riƙe shi da hannu ɗaya ko ɗaga shi sama da kafaɗa.

Sai kuma wayoyin lantarki. Layukan kamfanin KEDCO, wanda ke rarraba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa, suna bin titunan da aka shuka darbejiya a gefensu. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, haka jiƙaƙƙiyar gora da tsanin ƙarfe, kuma manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 11 ko 33 na iya fizgar mutum ko bai taɓa wayar ba, muddin ya matsa kusa. Ɗauke wuta ba hujja ba ce ta hawa, domin ana iya dawo da ita a kowane lokaci. Hanya ɗaya mai aminci ita ce a sanar da ofishin kamfanin, ma'aikatansa su kashe layin su tabbatar.

Ƙa'idojin hawa

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Gwanin hawa yakan fara zagaya bishiya daga ƙasa, ya duba kogo, tsagewa, hanyar gara, laimar kwaɗi a gindi, da kai-komon ƙudan zuma. Yakan ƙwanƙwasa gangar da ƙotar gatari, domin ƙarar itace mai rami daban take. Ba ya hawa ana iska, ana hadari ko jikin bishiya na jiƙe, kuma yakan zaɓi hantsi bayan raɓa ta bushe.

A sama, ana taka reshe ne kusa da inda ya fito daga gangar. Ana ɗaura igiya a reshe mai ƙarfi da ke sama da kai, wanda ba shi za a sara ba, kuma tsarin zamani ya tanadi maɗauri biyu, ta yadda idan ɗaya ya tsinke ɗayan zai riƙe. Ba a hawa da gatari ko inji a hannu. Sai an zauna daram ake jawo su da igiya. Manyan rassa ana datse su gunduwa-gunduwa, a sauke kowace da igiya. Dole ne a sami mutum a ƙasa mai tsare hanya, wanda kuma zai iya kai ɗauki. Idan kayar da bishiya za a yi, ana nisantar da jama'a da ninki biyu na tsayinta.

Saran da ba ya kashe bishiya

Binciken da Alex Shigo, masani a hukumar gandun daji ta Amurka, ya yi a shekarun 1970 ya nuna cewa bishiya ba ta warkar da rauni yadda jikin mutum ke yi. Killace wurin take yi daga ciki don kada ruɓa ta yaɗu, sannan sabon ɓawo ya rufe shi a hankali daga gefe. Wannan kariya ta fi ƙarfi a ɗan kumburin da ke gindin kowane reshe. Don haka ake yanka dab da kumburin ba tare da an taɓa shi ba. Idan aka shafe shi, ruɓa ta sami ƙofa. Idan aka bar dogon kututture, shi ma ruɓewa zai yi ya kai cutar ciki.

Reshe mai nauyi sara uku ake yi masa: na farko daga ƙasa, kamar kamu ɗaya daga gangar, na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko, har ya faɗi, na uku kuma a cire guntun da ya rage. Wannan ne ke hana ɓawo yagewa, ke kuma hana reshen tsagewa a kan mai sara. Masana na ba da shawarar kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a lokaci guda, kuma shafa fenti ko baƙin mai a kan yankan ba ya hana ruɓa.

Aske kan bishiya ƙwal, wanda ya zama ruwan dare a gidaje da ofisoshi, yana da illar da ba a gani nan take. Darbejiya tana jurewa ta sake tofo, amma sababbin rassan a ɓawo kawai suke manne, su ne kuma iska ke fara karyawa bayan 'yan shekaru. Ɗorawa da kaɗanya kan daɗe ba su yi 'ya'ya ba idan aka yi musu irin wannan sara. Abin da ya kamata a cire musu shi ne busassun rassa da kauci, wanda ke tsotse su har ya kashe reshen da ya kama.

Akwai darasi a makwabta. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoma a kan dabarar da aka sani da sassaben zamani: a zaɓi tofo mai ƙarfi daga kututturen da ke gona, a rage sauran, a bar shi ya girma. An ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da bishiyoyi kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma bishiyar da aka gyara da wuƙa tana ƙarama ba ta cika bukatar a hau ta da inji ba.

Idan mutum ya faɗo

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaga wanda ya faɗo a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a ɗora shi a kan babur. Idan ƙashin baya ya tsage, wannan jijjiga na iya taɓa laka ta shanye masa ƙafafu har abada. Ana barin sa kwance, mutum ɗaya ya tallafe kai da wuya a miƙe, sannan a mirgina shi gaba ɗaya a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a sa shi a mota. Wurin da ke zubar da jini ana danne shi da tsumma mai tsabta. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi sai an kashe layin. Manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi ne matakin farko, daga nan akan tura masu mummunan rauni Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Raunin baya, wuya ko kai yana bukatar hoto kafin kowane irin ɗori.

Izini, jinga da alhakin mai ba da aiki

A al'adar ƙasar Hausa, mallakar bishiya ba lallai ta bi wanda ke noma gona ba. Mutum kan ba da aro ko jinginar gona ya riƙe ɗorawar da ke cikinta, kuma bishiyar gado tana da masu ita da yawa. Ya kamata a tabbatar da mai ita, a kuma nemi izinin ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma kafin kayar da babbar bishiya, musamman ta bakin hanya ko filin gwamnati.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, amma ɗan jingar da aka yi ciniki da shi da baki a ƙofar gida da wuya ya amfana da ita. Idan ya karye, jinyarsa da abincin gidansa kan koma wuyan 'yan uwa.

Saboda haka rabon mai ba da aiki a lamarin ba ƙarami ba ne. Ɗan kasuwa ko shugaban makarantar da ya matse farashi, ko ya ce lallai a gama yau, shi ne ke sa mai sara ya zo shi kaɗai ya yanko reshe ɗungurungum. Kafin a sallama jinga, ya dace a tambayi mutum nawa za su zo, ko suna da igiyar sauke rassa, wa zai sanar da kamfanin wuta, wa zai biya idan rufin makwabci ya lalace, da abin da za a yi idan wani ya ji ciwo. Ya dace kuma a yi wannan magana gaban shaidu, a hana yara hawa ko tsayawa a ƙarƙashi, a kuma amince idan mai sara ya ce iskar ranar ba ta hawa ba ce.