Tsiron da Hayaƙin Landan Ya Kora Cikin Kwalba

A shekarar 1829, wani likita mai suna Nathaniel Bagshaw Ward yana zaune a unguwar Wellclose Square da ke gabashin Landan, inda hayaƙin kwal daga gidaje da masana'antu ke turnuke sama dare da rana. Ward yana da sha'awar tsiron da Ingilishi ke kira fan, wanda ganyensa ya yi kama da gashin tsuntsu, ba ya fure kuma ba ya 'ya'ya. Sau da yawa ya dasa shi a bayan gidansa, hayaƙin yana kashe shi.

A wannan shekara ya sanya wata tsutsa da ke cikin kwansonta a kwalba, tare da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya rufe bakin domin ya ga fitarta da fuka-fuki. Bayan ɗan lokaci sai ga fan da ciyawa sun tsiro a ciki. Ya lura cewa ruwan ƙasar yana tashi da zafin rana, ya taru a jikin gilashi, ya gangaro ya koma inda ya fito. Hayaƙi bai sami hanyar shiga ba, danshi kuma bai sami ta fita ba. Tsiron ya rayu kusan shekara huɗu ba a ƙara masa ruwa ba.

Ward ya sa aka ƙera akwatunan katako masu gilashi bisa wannan dabara. A 1833 ya aika biyu zuwa birnin Sidni na Ostareliya ta jirgin ruwa, cike da fan da ciyayi, suka isa da ransu bayan watanni a teku. Aka cika su da tsirran can, suka dawo Landan lafiya a 1834. Kafin wannan, yawancin tsirran da ake ɗauka a irin wannan doguwar tafiya mutuwa suke yi, saboda feshin ruwan gishiri da ƙarancin ruwan daɗi. A 1842 Ward ya wallafa littafi a kan akwatin, wanda har yau ake kira da sunansa.

Da aka soke harajin gilashi a Birtaniya a 1845, farashinsa ya sauka, akwatin ya shiga ɗakunan baƙi na masu matsakaicin hali. Nan sha'awar fan ta kama ƙasar kamar wutar daji, har marubuci Charles Kingsley ya laƙaba mata suna a 1855, sunan da ke nufin haukar fan. Aka zana ganyensa a jikin tangaran da yadi da ƙarafan shinge. Mata da maza suka bazama duwatsu suna tuge shi, 'yan kasuwa na sayarwa a birni, har wani nau'i mai suna Killarney ya kusa ɓacewa daga wurare da dama. Masu kuɗi kuwa suka juya ga nau'o'in ƙasashe masu zafi.

Abin da ya fara a matsayin ado bai tsaya nan ba. Tsakanin 1848 da 1851, Robert Fortune ya yi amfani da akwatunan wajen kwashe dubban tsirran shayi daga Sin zuwa Indiya. A 1876 Henry Wickham ya kai irin itacen roba kusan 70,000 daga Birazil zuwa lambun Kew; waɗanda suka tsiro aka tura su Silon da Malaya cikin irin waɗannan akwatuna, kuma cikin 'yan shekarun da ba su kai hamsin ba kasuwar roba ta kuɓuce wa Birazil. Haka aka ɗauke itacen da ake samun maganin kwinin daga Kudancin Amurka zuwa Indiya. Akwatin da likita ya ƙera don ceton tsironsa ya zama kayan aikin mulkin mallaka.

Fan ɗin da ya fi yawa a gidaje yau ya zo ne daga baya. A 1894 aka ga wani tsiro mai lanƙwasassun ganye cikin kayan da aka aika daga Filadelfiya zuwa Boston a Amurka. Asalin danginsa ƙasashe masu zafi ne, kuma ya fi sauran jure iskar ɗaki, shi ya sa ya rayu a tukunya ba tare da gilashi ba.

Duk da haka buƙatarsa ita ce wadda Ward ya gano. A daji fan yana girma ƙarƙashin manyan itatuwa, don haka yana son haske ba tare da rana ta buge shi kai tsaye ba. Yana son ƙasa mai danshi a tukunya mai huda, domin ruwa da ya kwanta yana ruɓar da saiwa. Busasshiyar iska irin ta hunturu ko ta na'urar sanyaya ɗaki ita ke ƙona bakin ganyensa. Ɗigo-ɗigon ruwan kasa da ke jere a bayan ganyen kuwa ba cuta ba ne: ma'ajiyar garin irinsa ce, kuma daga irin wannan gari ne fan ya tsiro a kwalbar Ward.