Kayan Kabari a Durɓi Takusheyi da Hippo

Idan muka bar Kazaure muka shiga ƙasar Katsina, a ƙaramar hukumar Mani akwai waɗansu tuddai da ake kira Durɓi Takusheyi. Kusheyi dai kaburbura ne, tarihin baka kuma yana danganta su da Durɓawa, sarakunan farko na Katsina. Bature Palmer ya tona waɗansu a 1907. A 1992 masu bincike daga Jamus suka tona uku, aka gane cewa an yi su tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Ba hannu wofi aka binne waɗannan manya ba. An sami wuri, da duwatsun wuya na gilashi, da mundaye na tagulla da na hauren giwa, da 'yan kunne na zinariya. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wata tasa da aka ƙera a ƙasashen Musulmi na Gabas. Musulunci bai yarda a binne mamaci da dukiya ba, likkafani kaɗai ya sani. Ga shi kuwa kayan Musulmi sun ƙetare Sahara sun kwanta cikin kabari irin na gargajiya. A ganinmu kasuwa ta riga wa'azi isowa, makabarta kuma ita ce ta ƙarshe wajen sākewa.

Ikkilisiya ta sha fama da wannan a Hippo, wani birni na lardin Romawa, inda Annaba take yau a Aljeriya. Romawa sukan binne matattu a bayan gari, sau da yawa da fitila ko kuɗi ko kwalbar turare, dangi kuma sukan koma kabarin su ci su sha. Da suka ba da gaskiya, sai suka kai walimar kaburburan shahidai, har cikin majami'a. A shekara ta 395 Agustin, tun bai zama bishop ba, ya tsaya ya hana shagalin tunawa da Liyontiyus, tsohon bishop na garin. Jama'a suka yi gunaguni: me ya sa na dā ba su hana ba? Ya amsa cewa an yi haƙuri ne domin sababbin tuba, amma lokacin ya wuce. Daga baya ya koyar cewa hidimar jana'iza ta'aziyya ce ga masu rai fiye da taimako ga mamaci, ko da yake bai yarda a wulaƙanta gawa ba. Nikodimu ma ai ya kawo mur da aloyis domin jikin Ubangiji (Yohanna 19:39).

Saboda haka idan iyali a Roni ko Gwiwa suka roƙi a sa wa tsoho fartanyarsa ko Littafinsa Mai Tsarki a kabari, kada mu yi saurin hani, kada kuma mu yi shiru. Mu tambaye su ko girmamawa ce, ko guzuri ne don tsoron kada ya dawo ya dame su. Wannan tambayar a zaure ake yinta kafin a ɗauki makara, ba a bakin rami gaban jama'a ba.