Ƙaramin injin goge katako: Amfaninsa da iyakarsa ga kafintocin Birnin Gwari

Ƙaramin injin goge katako na'ura ce ta hannu mai aiki da lantarki ko batir, wadda ƙasanta ke da kusurwa uku, kamar dutsen guga. Ana manna sanfefa a ƙasan, injin kuma yana karkarwa cikin ƙananan zagaye fiye da dubu goma a minti ɗaya. An yi masa tsini ne domin ya kai ga lungunan da manyan injunan guga ba sa shiga: kusurwar akwati, tsakanin sandunan kujera, gefen firam ɗin taga da kwarin adon ƙofa. Kamfanoni irin su Bosch, Makita da Black & Decker duk suna ƙera shi, ƙarfin akasarinsu kuma bai wuce wat 200 ba.

Batun sayensa ya shafi Birnin Gwari ne saboda katako na cikin ginshiƙan arzikin yankin. Dajin da ya kewaye garin, wanda a cikinsa Gandun Dajin Kamuku yake, an keɓe wani sashensa tun 1936, aka ɗaga darajarsa zuwa gandun daji na ƙasa a 1999. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari sun durƙusar da sana'o'i da dama. Bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a watan Nuwamba na 2024, kasuwanni sun fara farfaɗowa, amma kafintan da ke sake tayar da jarinsa ba shi da kuɗin da zai ɗaure a kan na'urar da za ta yi kwantai.

Abin da yake iyawa

Aikin wannan inji gamawa ne, ba farawa ba. Yana goge tsohon fenti daga kujerar da aka kawo gyara, yana lallashe mahaɗar katako biyu inda gam ya tsattsafo, yana kuma gyara gadon amarya da madubinta kafin a shafa musu man ƙyalli. Ba shi da nauyi, ana riƙe shi da hannu ɗaya, kuma ƙaramin janareto ko batirin sola yana ɗaukarsa, abin da ke da muhimmanci a inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Inda yake gazawa

Itatuwan wannan daji, irin su maɗaci, kawo, madobiya da ƙirya, masu tauri ne. Katakon da ya fito daga zarton inji yana zuwa da tabon haƙori mai zurfi, kuma wanda ya ce zai share shi da wannan ƙaramar na'ura zai ɓata yini a kan fuskar tebur ɗaya, ya bar ta da tudu da kwari. Wannan aikin injin fere katako ne, ko babban injin guga mai faifai zagayayye na milimita 125.

Matsala ta biyu ita ce sanfefarsa. Yankakkiya ce ta musamman mai mannewa, kuma tsininta ne ke fara cinyewa tun sauran jikinta na nan garau. Sanfefar da ake yanka wa mutum a shagon kayan gini ba ta kama ƙasansa. Saboda haka, kafin a biya kuɗin injin, a tabbatar akwai inda za a riƙa samun takardarsa, a Kaduna ko Funtuwa, domin kuɗin da ake kashewa a kanta a tsawon shekara yana iya zarce na injin kansa. Danna shi da ƙarfi kuma yana haifar da zafi da ke lalata mannin ƙasan.

Abubuwan lura wajen saye

Wutar Najeriya volt 230 ce. Injin gwanjo da ya fito daga Amurka na volt 120 ne, yana ƙonewa idan aka jona shi kai-tsaye. Mai batir yana sauƙaƙa aiki a wajen shago, amma batir da cajarsa kan ninka farashi. Lambar sanfefa tana nuna kaushinta: 60 da 80 masu kaushi ne, 120 matsakaiciya, 180 da 240 na gamawa. Ana bin su ne a jere, domin tsallake lamba yana barin zane da ke bayyana bayan an shafa mai.

Ƙurar katako ma ba abin wasa ba ce. A 1995 Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, musamman ta hanci. Jakar tara ƙura da ke jikin injin ba ta kama duka, don haka takunkumi wajibi ne.

Wa ya dace ya saya?

Mai ɗaura rufin kwano, mai yin bencin makaranta da masassaƙin turmi da tabarya ba su da buƙatarsa. Kafintan da bai mallaki injin guga ko ɗaya ba, babban ya kamata ya fara saya, ya ci gaba da goge lunguna da sanfefar da aka naɗa a guntun katako. Wanda zai ci ribarsa shi ne mai yin kayan ɗaki da ƙofofi masu ado, ko mai sabunta tsofaffin kujeru.

Akwai kuma lissafin da ya wuce na shago ɗaya. An sanya madobiya ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe tun 2017, maɗaci da kawo suka biyo baya a taron 2022. Yayin da waɗannan itatuwa ke ƙaranci, ribar kafinta tana komawa ga kyawun gamawa, ba yawan katakon da ya yanka ba, kuma kujerar da aka gyara ta koma sabuwa ba ta buƙatar a sare wani icen.