Wuƙa Mai Bakin Shaho da Masu Hana Ta Washi

Wuƙar aljihun da Amurkawa ke kira mai bakin shaho ƙanwar lauje ce. Bakinta a lanƙwashe yake, kaifin ta ciki, ana maƙala ta a reshe a janyo. A gonar inabi aka haife ta. Tun a ƙarni na 1, Kolumela, marubucin Rum kan harkar noma, ya bi wuƙar datse inabi dalla-dalla, ya raba bakinta kashi 6, kowane da aikinsa. Daga baya aka ƙanƙanta ta, aka yi mata ƙota mai naɗewa, kuma a ƙarni na 19 maƙeran Shefil ta Ingila, irin su Joseph Rodgers da George Wostenholm, suka riƙa tura wuƙaƙen aljihu Amurka da yawa. Wajen 1815 almakashin datse reshe ya ɓulla a Faransa, abin da ya isa ya binne ta. Ba ta mutu ba, sana'a ta sauya. Da Frederick Walton ya ƙirƙiro ledar shimfiɗa a ɗaki a shekarun 1860, masu shimfiɗa ta suka ga bakin nan na yanka ba tare da ya zame ba. Masu aikin lantarki ma suka karɓe ta don feɗe waya.

Tarihinta ke nan, tarihin hannun ma'aikaci, shi ya sa al'adar masu tara ta a yau take da ɗaure kai. A kasuwarsu, wadda ba ta taɓa ganin dutsen washi ba, tana cikin kwalinta, ita ke da tsada. Wadda bakinta ya sirance don aiki kuwa sai a yi mata kuɗin banza. Alhali ta biyun ce ke magana. Inda ƙarfe ya cinye yana nuna abin da aka yanka, santsin ƙota yana nuna yadda aka riƙe ta.

Za a ce in ba don masu tarawa ba da abubuwa da yawa sun salwanta, kuma akwai gaskiya a nan. Kamfanin wuƙaƙe na Schrade ya rufe masana'antarsa a 2004, na Camillus ya bi shi a 2007, a akwatunan mutanen nan ne samfuransu suka tsira. Su ne kuma suka iya karanta tambari: a 1970 kamfanin Case ya buga ɗigo 10 a gindin bakin wuƙa, yana cire ɗaya kowace shekara, har a gane shekarar ƙira. Sai dai ɗigon shekarar haihuwa kawai yake faɗa, bai san inda wuƙar ta yi rayuwa ba. Kuma ba masu akwati ne suka hana ƙirar ɓacewa ba: har yau kamfanonin Opinel a Faransa da Tina a Jamus suna ƙera ta, domin masu lambu suna saye su kai ta jikin reshe.