Kafin Mai Hoto Ya Ce a Tsaya

Tun a 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa, kuma kafin ƙarnin ya ƙare 'yan ƙasa sun riƙe ta sana'a a garuruwan bakin teku. Jonathan Adagogo Green yana ɗauka a Bonny, George Da Costa kuma ya buɗe shagonsa a Legas a 1895. Mu a Arewa sai da muka jira jirgin ƙasa. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ta Zariya ya ratsa, ya kawo akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, aka zaunar da su a Sabon Gari, kuma a cikinsu ne masu hoto na farko suka fi yawa.

Tudun Wada ta samu kanta a tsakiya. Turawa sun bar Birni ga Zazzagawa, Sabon Gari ga mutanen Kudu, ita kuwa aka ware ta a wajen ganuwa domin 'yan Arewa baƙi. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, ga makarantar horon ma'aikata a Kongo, ga asibiti, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai unguwar ta cika da masu albashi. Irin waɗannan mutane sun saba da kyamara tun daga hoton takardar aiki, kuma suna da dalilin ɗaukar iyali: iyayensu na can Katsina ko Bauci, ba su taɓa ganin jikoki ba.

Sai dai hoton iyali yana neman abin da tarbiyyarmu ta raba. Yana so maigida ya zauna kafaɗa da kafaɗa da matarsa a gaban baƙon namiji. Yana so uwa ta riƙe ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya. Yana so yaro ya ɗaga ido ya kalli babba, alhali an raine shi a kan sunkuyar da kai. Ga kulle, ga kuma malaman da ke ƙyamar sura, ko da yake hoton fasfo na aikin Hajji ya sassauta wannan a gidaje da yawa. Saboda haka shirin hoto yakan fara ne da shawara, tun kafin a buɗe akwatin tufafi. Za a je shago ne, ko za a kira mai hoto gida? In ya zo, a zaure zai tsaya ko za a yi masa iso zuwa tsakar gida? In mata biyu ne, uwargida ce a dama, wannan ba a jayayya. Abin da ake sasantawa shi ne inda 'ya'yan kowane ɗaki za su tsaya, da ko ɗan riƙo zai shiga. Mukan ga tsofaffin hotunan da ɗan fari ke jingine da kaka ko kishiyar uwa, uwar tana can gefe tana kallon wani wuri. Wanda bai san gidan ba sai ya ce ba ta son yaron.

Bayan nan sai tufafi. Fim ɗin baƙi da fari ba ruwansa da launi, ja da kore duk toka suke komawa, don haka abin da ke fita shi ne zane da ƙyalli. A nan Zariya ta yi sa'a, domin aikin hannun birni, irin su aska biyu da aska takwas, yana fita raɗau a ƙirjin babbar riga, balle in an kai ta wurin mabuga ta sha bugu. Mata kuwa kwana biyu suke ciki: kitso, lalle, kwalli, sannan ɗaurin kallabi a ranar. A kai yara wurin wanzami, a cika dutsen guga da garwashi. Yaron da aka riga aka shirya ba ya sake motsi, ba ci ba wasa, shi ya sa yawancinsu ke fitowa da fuskar wanda ya gama kuka. Wannan ne ma ya sa ranar Sallah ta zama ranar hoto, tunda an riga an yi ɗinki.

Duk wannan wahala saboda ƙiftawar ido guda. Fim mai faɗi hoto goma sha biyu yake ɗauka, ƙaramin kuwa 24 ko 36, kuma kowane bugu kuɗi ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya shahara da bugu ɗaya ga kowane hoto, yana kuma ara wa mutane rediyo da agogo da alƙalami su riƙe. Namu masu hoton ma sun san darajar agogo: a ja hannun riga baya domin ya fito. Murmushi kuwa ba a nemansa. Magidanci ba ya washe haƙora a gaban jama'a, kuma a ganinmu hotunan sun fi kwarjini da hakan. In wani ya rufe ido, ba za a sani ba sai an wanke, wankin kuma yakan jira fim ya cika.

Hoton kala da injinan wanki sun yaɗu a shekarun 1980, wayar salula ta iso a 2001, daga baya ta zo da kyamara a jikinta. Yau ana yin anko, a biya mai hoto na rabin awa, ya buga ɗari a zaɓi biyar, ma'aurata har suna ɗaukar hoto tare kafin ɗaurin aure.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne makomar na da. Hotunan Keïta sun kai gidajen tarihi na Turai da Amurka ne saboda ya adana dubban nagatif ɗinsa. Namu suna cikin albam da ƙasan akwati, damina na manne su da leda, gara na cin gefensu. A bayan mafi yawansu hatimin shago ne kawai, babu shekara babu suna, kuma tsofaffin da za su iya nuna fuska su ce wannan Inna ce, wancan Kawu ne, saura kaɗan a kowane gida.