Arsenik a ruwan sha: yadda yake kai wa ɗan tayi, da abin da ya sa ciki ke iya zuwa kafin lokaci

A Kwaya da sauran garuruwan gundumomin Magariya da Dungas, kusan duk ruwan da ake sha daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ko rijiyar guga ko foraj mai famfo. Mutane kan auna kyan ruwa da ido da harshe: in ya yi garau, ba wari ba gishiri, shi ke nan. Amma akwai gubar da wannan awo ba ya kamawa. Arsenik ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari, kuma likitoci sun daɗe da gano cewa yana ratsawa daga jinin mai ciki zuwa jikin abin da ke cikinta.

Mene ne arsenik, kuma daga ina yake zuwa?

Sinadari ne da ke cikin wasu duwatsu da wasu irin ƙasa tun asali. Idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya daɗe yana kwance a cikinsu, sai ya narke a ciki. Ya fi yawa a duwatsun da ke ɗauke da zinariya, don haka daka dutsen zinariya da wanke shi na ƙara watsa shi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa iyakar mikrogram 10 a litar ruwa guda. Wannan daidai yake da giram 1 a cikin tano 500 masu cin lita 200. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 140 a ƙasashe aƙalla 70 na shan ruwan da ya wuce wannan iyaka.

Inda abin ya riga ya faru

Bangaladash ce babban misali. Tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin famfo don a raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa da kwalara. Gudawa ta ragu, amma a 1993 aka tabbatar da arsenik a cikin ruwan, bayan miliyoyin mutane sun yi shekaru suna sha. Daga baya aka bi rijiyoyin ana gwadawa, ana shafa wa mai guba jan fenti, mai kyau kuma kore.

Kusa da mu, a lardin Yatenga na arewacin Burkina Faso, wajen Wahiguya, an sami forajojin da arsenik ɗinsu ya ninka iyakar OMS fiye da sau 100, har ya fito wa mutane a fata. Irin duwatsun wannan yanki su ne suka miƙo cikin Liptako a jihar Tillaberi, inda ake haƙar zinariya.

A ƙasar Hausa ma an ga abin da ruwa ko dutsen da ba a gwada ba ke yi. A Tibirin Maradi, yawan sinadarin fulor a ruwan wani foraj da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake dakawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Gubar ta bambanta, amma hanyar ɗaya ce: ba a sani ba sai da ta bayyana a jikin yara.

Yadda yake taɓa gadon halitta

Mabiyiya na tace abubuwa da yawa, amma ba ta tare arsenik. Binciken da aka yi a wani gari na tsaunukan Ajantina a shekarun 1990 ya nuna cewa yawansa a jinin cibiyar jariri ya kusan kai na jinin uwa.

A cikin kowace ƙwayar jiki akwai abin da masana ke kira ADN, wato rubutun gadon da ɗa ke samu daga uwa da uba. A kan wannan rubutu akwai ƙananan alamomi da ke nuna wane sashe za a karanta, wane za a rufe. Mai karatun ajami zai gane abin da sauƙi: baƙaƙe iri ɗaya ne, amma wasali ke raba "kira" da "kara". Ilimin waɗannan alamomi shi ake kira efijenetik. Mafi shahara a cikinsu ita ce alamar metil, kuma lokacin da aka fi ɗora su shi ne watannin da ɗa ke ciki.

Ga inda arsenik ya shigo. Don jiki ya fitar da shi ta fitsari, sai hanta ta maƙala masa metil. Rumbun metil ɗin da ake ɗiba don wannan aiki shi ne wanda ake ɗiba don yi wa ADN alama, kuma daga abinci ake cika shi, musamman sinadarin folat da bitamin B12. Bayan haka, arsenik na dagula aikin sinadaran da ke ɗora alamomin. Sakamakon shi ne wani wuri ya samu alamar da ba ta kamata ba, wani kuma ya rasa tasa.

Alaƙarsa da lokacin haihuwa

Cikakken ciki mako 40 ne. Wanda aka haifa kafin mako 37 shi ne bakwaini, kuma OMS ta ƙiyasta an haifi irinsu miliyan 13.4 a duniya a 2020. A Matlab ta Bangaladash, inda aka bi dubban masu ciki, an ga ɓari da mutuwar jarirai sun fi yawa a wajen matan da ke shan ruwa mai arsenik da yawa, an kuma ga jarirai na zuwa da ƙarancin nauyi. Wani binciken da aka buga a 2018, shi ma a kan matan Bangaladash, ya auna jinin cibiya ya ga cewa sauyin alamar metil a wasu wurare na ADN na tafiya tare da gajarcewar kwanakin ciki. Masu binciken suna ɗaukar wannan sauyi a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin da gubar ke bi, tare da kumburi da lahanin da take yi wa mabiyiya.

Tasirin yana iya daɗewa. A birnin Antofagasta na ƙasar Cile an sha ruwa mai arsenik fiye da mikrogram 800 a lita daga 1958 zuwa 1970. Waɗanda ke ciki ko suke ƙanana a lokacin, da suka girma, sun fi sauran ƴan ƙasar mutuwa da cututtukan huhu.

Sai dai kada a ɗora wa ruwa kowane bakwaini. A yankinmu zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, ciwon sanyi, ɗaukar ciki da ƙuruciya da kunika su ne manyan dalilan da ma'aikatan lafiya ke fama da su kullum.

Abin da mai ciki da maigida za su yi

Gwaji ne kawai ke nuna ko ruwa na da arsenik. Akwai kayan gwaji na tafi-da-gidanka masu takarda mai sauya launi, akwai na ɗakin bincike. Kwamitin kula da foraj na iya neman magajin gari ko ma'aikatar ruwa ta jiha su nuna masa sakamakon gwajin sinadarai na rijiyar garin. Rijiya biyu na iya zama maƙwabta, ɗaya lafiya lau, ɗaya da guba, don haka kowace da nata gwajin.

Tafasa ruwa ba ya fitar da arsenik, ƙara masa ƙarfi ma yake yi in ruwan ya ƙone. Ruwan jabel da ƙwayar tsabtace ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba sa taɓa shi. In rijiya ta nuna guba, a koma wata don sha da girki. Wanka da wanki da ita ba su da wannan haɗari.

Awon ciki kyauta ne a Nijar tun 2006. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a CSI na ɗauke da folat, kuma wani gwaji a Bangaladash ya nuna shan mikrogram 400 na folat kullum ya rage arsenik a jinin manya da kusan kashi 14 cikin 100. Wake, gyaɗa, zogale, rama, ƙwai da hanta suna taimakawa. A ci gaba da shayarwa, domin arsenik kaɗan ne ƙwarai ke shiga nonon uwa.

Wanda ya dawo daga haƙar zinariya, ko daga Jado ko daga Ɗan Isa, kada ya daka dutse a tsakar gida, kuma ya ware tufafin aikinsa daga na iyali. Duk wanda ya ga baƙin ɗigo-ɗigo a ƙirji ko baya, ko fatar tafin hannu da ta ƙafa ta yi kauri da ƙuraje masu tauri, ya je asibiti, ya kuma gaya wa likita rijiyar da gidansu ke sha.